Bela Bartok: mai farautar waƙoƙin ƙauye da ya rasu a baƙunta, da kiɗan da ya bar wa matarsa

Mutumin da muka ɗauko tarihinsa a yau Bature ne ɗan ƙasar Hangari, makaɗin fiyano kuma mai tsara kiɗa, sunansa Bela Bartok. Na san da yawanmu a nan Sabha ba mu taɓa jin sunan ba. Amma shi ya taɓa zuwa bakin wannan Sahara tamu da akwatin ɗaukar murya, ya zauna cikin gonakin dabino yana sauraron masu busa da masu ganga. Kuma ya ɗanɗana abin da yawancinmu muka sani, wato zama a inda kullum sai an tambaye ka daga ina ka fito.

A watan Satumba na 1945, wani abokinsa mai suna Tibor Serly ya je duba shi a ɗan ƙaramin gidan da yake haya a birnin New York na Amurka. Ya tarar da shi a kwance, ya rame ƙwarai, takardu sun cika gadon, yana ta rubutu. Sankarar jini ce ke cin sa, fiye da shekara uku ke nan zazzaɓi na zuwa yana komawa. Abin da yake rubutawa babban kiɗa ne na fiyano, na uku a irinsa da ya tsara, kuma so yake ya gama kafin 31 ga Oktoba, ranar da matarsa Ditta za ta cika shekara 42. Washegari aka ɗauke shi zuwa asibiti. Ranar 26 ga Satumba ya rasu yana da shekara 64, saura ɗan kaɗan ya kammala.

Abin mamakin shi ne, wanda duk ya saurari wannan kiɗa, musamman kashinsa na tsakiya, natsuwa yake ji da wani abu mai kama da godiya. Babu kururuwa, babu ƙorafi. To yaya aka yi mutumin da ya rasa ƙasarsa da lafiyarsa, ga aljihu wayam, ya rubuta haka? Sai mun bi rayuwarsa daga farko za mu gane.

Yaron da ya tashi tsakanin harsuna

An haifi Bartok ranar 25 ga Maris 1881 a wani ƙaramin gari da Hangariyawa ke kira Nagyszentmiklos, cikin daular Ostiriya da Hangari. Garin a cakuɗe yake, akwai Romaniyawa da Jamusawa, akwai Hangariyawa da Sabiyawa, kowa da harshensa amma kasuwa ɗaya ake ci. Mahaifinsa shugaban makarantar koyon aikin gona ne, mahaifiyarsa Paula kuwa malamar makaranta ce da ta iya fiyano. Yana ƙarami ya yi fama da ciwon fata mai tsanani har wajen shekara 5, abin da ya hana shi shiga cikin yara sosai. Zaman ɗaki ya buɗe masa kunne. Uwar ta lura yaron yana bambance kiɗan rawa iri-iri tun kafin ya iya haɗa magana, sai ta fara koya masa fiyano.

A 1888 uban ya rasu. Daga nan uwar ta shiga yawon neman aikin koyarwa gari-gari, tana jan Bela da ƙanwarsa Elza. Ɗaya daga garuruwan da suka zauna yau yana cikin Yukren, wani kuma shi ne Bratislava, babban birnin Sulobakiya a yanzu. Garin haihuwarsa ma yau yana cikin Romaniya, sunansa Sannicolau Mare. Wato dai kan iyaka ce ta yi ta matsawa tana barin sa a baya, kamar yadda ta yi wa kakanninmu masu fatauci tsakanin Kano, Damagaram, Agadas, Gat da Murzuƙ, kafin a ja layi a takarda a ce nan Nijar, nan Libiya.

Yana ɗan shekara 11 ya fara kiɗa a gaban jama'a. A 1899 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Budapest, ya yi karatu har 1903. A waɗannan shekaru ɗan kishin ƙasa ne mai zafi. Tufafin gargajiyar Hangari yake sawa, yana matsa wa 'yan gidansu su daina magana da Jamusanci. Babban kiɗan da ya fara fito da sunansa ma, wanda ya rubuta a 1903, na tunawa da Kossuth ne, jagoran tawayen Hangari na 1848.

Waƙar mai reno

Abin da ya juya shi ƙaramin abu ne. A lokacin zafi na 1904 ya je hutu wani ƙauye, sai ya ji wata yarinya mai reno, 'yar yankin Transilbaniya, tana rera waƙa. Bai taɓa jin irin wannan kari ba, alhali shi a ganinsa ya san kiɗan ƙasarsu. Ashe abin da mutanen birni ke kira kiɗan Hangari, wanda ake kaɗawa a gidajen shan gahawa, daban yake da abin da manoma ke rerawa a ƙauye.

Ya haɗu da wani saurayi mai irin ra'ayinsa, Zoltan Kodaly, kuma daga 1906 kowannensu ya ɗauki garmaho irin na Edison ya shiga ƙauyuka. Wannan garmaho ba faifai yake ci ba. Wani ɗan gwangwani ne na kaki ake sa masa, mai waƙa ya kara baki a ƙahon, allura ta karce muryar a jikin kakin. Gwangwani ɗaya minti biyu ko uku yake ɗauka. Aikin fa da wuya. Tsofaffin mata kunya suke ji, wata ta ce ta manta, wata ta rera masa waƙar coci ko wadda ake yayi a birni, don a ganinta ita ce ta dace da baƙo mai kwat. Sai ya zauna ya yi ta lallashi har tsohuwar waƙar ta fito. In ya koma gida ya rage gudun garmahon, ya yi ta maimaita gwangwani ɗaya, yana rubuta kowace 'yar karkarwar murya a takarda.

A 1907, shekarar da aka ɗauke shi malamin fiyano a makarantar da ya yi karatu, ya gano a ƙauyukan Transilbaniya cewa mafi tsufan waƙoƙin an gina su ne kan sauti 5, maimakon 7 da ake koyarwa a makaranta. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Shi ne tsanin da Larabawa ke kira khumasi, wanda ke cikin waƙoƙin Sudan, da jitar Buzaye, da waƙoƙinmu na Hausa da yawa. Mai karatu ya riƙe wannan, zai dawo a ƙarshen labarin.

A hankali kishin nasa ya sauya kama. In ya gama da ƙauyen Hangariyawa, ƙauye na gaba na Sulobakawa ne ko na Romaniyawa, su ma da nasu waƙoƙin. Sai ya shiga koyon harsunansu yana ɗauka. Kafin ya rasu ya tara waƙoƙi kusan 10,000, kuma na Romaniyawa da ya tara sun fi na ƙabilarsa yawa.

Daga Biskra zuwa Alƙahira

A watan Yuni na 1913 shi da matarsa ta farko, Marta, suka tsallaka teku zuwa Aljeriya, suka gangara Biskra, garin dabino a bakin hamada ta arewa. Ya ɗauki murya a Biskra da Tolga da El Kantara, da kuma Sidi Okba, garin da kabarin Uƙba bn Nafi'u yake, wanda tarihin Fezzan ma ya san shi tunda rundunarsa ta bi ta Waddan da Jarma. Ya ji sarewar gasba da bandiri, ya ji gaita, wadda 'yar'uwar algaitarmu ce har a suna. Abin da ya kama shi shi ne yadda ake ɗaukar sauti 'yan kaɗan a yi ta juya su a wuri ɗaya, ganga kuma tana sarrafa zance a ƙarƙashi.

Zafin Yuni ya kayar da shi, ya kwanta rashin lafiya, dole ya katse tafiyar. Ya yi niyyar komawa, sai yaƙin duniya ya ɓarke a 1914. Duk da haka ya rubuta nazari a kan abin da ya ɗauko, aka buga shi da Jamusanci a 1920, kuma amon Biskra ya shiga cikin kiɗan da ya tsara a shekarun yaƙin, kamar kashi na uku na jerin kiɗan fiyanonsa na 1916.

A 1932 Sarki Fu'ad na Masar ya kira babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira. Bartok na cikin waɗanda aka gayyato, ya zauna a kwamitin ɗaukar murya. A taron har an yi muhawara kan ko a shigar da fiyano cikin kiɗan Larabawa, tunda fiyano ba ya iya fitar da ƙananan sautukan da ke tsakanin madannai, waɗanda maƙamai irin su Rast da Bayati ke buƙata. A 1936 kuma ya je Turkiyya, shi da wani matashin mai tsara kiɗa, Ahmed Adnan Saygun, suka bi ƙauyuka da tantunan makiyaya a yankin Adana.

Ba nan ba, ba can ba

Bayan yaƙi, yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, har da garin da aka haifi Bartok da yawancin ƙauyukan da yake zuwa. Mutane na cikin fushi. Wasu jaridun Budapest suka taso masa, wai ba ya kishin ƙasa tunda yana yi wa waƙoƙin Romaniyawa hidima. Bayan wasu shekaru kuma daga Romaniya aka zarge shi da yi wa Hangari aiki. A nan a ce kai ɗan can ne, a can a ce kai ɗan nan ne. Wannan ba sai an yi mana bayani ba.

A 1923 suka rabu da Marta, wadda ta haifa masa ɗa, shi ma Bela. Ya auri ɗalibarsa Ditta Pasztory, suka haifi Peter a 1924. Shekarun da suka biyo baya ne sunansa ya zagaya Turai. Ya tsara manyan kiɗan fiyano biyu don hannunsa, na farko a 1926, na biyu ya gama a 1931. A cikinsu dukan fiyano yake kamar ganga, da ƙarfi da sauri, sautuka na karo da juna, har ƙwararrun makaɗa na tsoronsu.

Na biyun ya fara kaɗa shi ne a Frankfurt a watan Janairu 1933, mako ɗaya kafin Hitler ya hau mulki. Daga nan bai sake kiɗa a Jamus ba. A 1937 ya hana a riƙa miƙa kiɗansa daga rediyon Hangari zuwa rediyon Jamus da na Italiya. Italiyar Mussolini fa ake nufi, wadda sojojinta ke zaune a Fezzan a lokacin, wadda ta rataye Umar Mukhtar a 1931. Gwamnatin Hangari kuwa kullum ƙara jingina take da waɗannan biyun.

Mahaifiyarsa ce ta riƙe shi a gida, ba zai iya tafiya ya bar tsohuwa ba. Ta rasu a Disamba 1939. A Oktoba 1940 shi da Ditta suka yi kiɗan bankwana a Budapest. Kafin ya tashi ya bar wasiyya cewa kada a sa wa wani titi sunansa a Hangari muddin akwai dandalin da ke ɗauke da sunan Hitler ko Mussolini a Budapest. Suka bi ta ƙasa har Lisbon, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka New York a ƙarshen watan.

Zaman Amurka

Mutumin da ake cika zaure don sauraronsa a Turai ya tarar a Amurka ba kowa ya damu da shi ba. Gayyata ta yi ƙaranci, kuɗi ya yi ƙaranci, ga hayaniyar birni tana damun kunnen da ya saba jin motsin ƙwaro. Kuma mutum ne mai tsananin kamun kai, ba ya karɓar sadaka ko daga aboki. Jami'ar Columbia ta ba shi ɗan aiki na rubuta tsofaffin waƙoƙin Yugoslabiya da wani masani Ba'amurke, Milman Parry, ya ɗauko a faifai, waɗanda da yawa daga mawaƙansu Musulmi ne. Da wannan aka riƙa cin abinci.

A 1942 zazzaɓin ya fara. A Janairu 1943 ya hau dandali karo na ƙarshe, shi da Ditta, kowa da fiyanonsa. Ba a jima ba ya kwanta asibiti, nauyinsa ya sauko zuwa wajen kilo 40. Ƙungiyar masu tsara kiɗa ta Amurka, ASCAP, ta ɗauki nauyin maganinsa. Abokai suka san ba zai karɓi kyauta ba, sai suka bi ta hanyar aiki: jagoran makaɗan Boston, Serge Koussevitzky, ya je har asibiti ya ba shi kwangilar sabon kiɗa kan dala 1,000. Kamar an zuba wa shuka ruwa. Cikin wata biyu ya gama, aka kaɗa shi a Boston ranar 1 ga Disamba 1944, jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Lokacin sanyi na 1943 zuwa 1944 an tura shi garin Asheville cikin duwatsun Carolina ta Arewa don ya huta. A can ya koma tsohuwar sana'arsa, sai dai wannan karon tsuntsaye yake saurare yana rubuta kukansu a takarda, kamar yadda ya yi wa tsofaffin matan ƙauye. A 1945 yaƙi ya ƙare. Budapest ta sha wuta, an karya gadojinta na kogin Danube, amma labari ya iso masa cewa babban ɗansa da ƙanwarsa suna raye.

Shi kuwa jikinsa ya gaya masa lokaci ya ƙure. Ba shi da gida, ba shi da ajiya. Ditta makaɗiya ce, amma waɗancan manyan kiɗan biyu na dukan ganga don hannunsa ya yi su. Sai ya zauna ya tsara na uku daidai hannunta, wanda za ta iya hawa dandali da shi ta ci abinci bayan ba ya nan. Gadon da zai bar mata ke nan.

Gudu, gida da yanayi

Irin wannan kiɗa Turawa na kiran sa konceto. Makaɗi ɗaya ne ke gaba, babbar ƙungiya ta mutum 60 ko fiye tana bayansa. Ka tuna Mamman Shata da 'yan amshinsa da masu kalangu, sai dai a nan babu baki. Fiyano ne ke bayarwa, masu goge irin na Turawa da masu sarewa da algaita da ƙaho da ganguna suna amsawa. Yawanci kashi uku ake yi: mai sauri, mai jinkiri, sai mai sauri kuma. Wannan na Bartok gaba ɗaya kusan minti 25 ne.

A saman kowane kashi akan rubuta kalma da Italiyanci mai gaya wa makaɗa irin tafiyar da za su yi. Kashi na farko Allegretto ne, tafiya mai ɗan hanzari amma ba gudu ba. Na uku Allegro vivace, gudu da kuzari, kamar an shiga filin rawa. Na tsakiya kuwa Adagio religioso. Adagio na nufin a hankali, a agogon ƙirga bugu yakan kama tsakanin 66 da 76 a minti ɗaya, wato kusan bugun zuciyar lafiyayyen mutum a zaune. Ana ƙirga shi huɗu-huɗu, kowane ƙirge huɗu gaɓa ɗaya ke nan a takarda. Religioso kuma na nufin da natsuwar mai ibada. Ba irin kalmar da aka saba gani a takardun Bartok ba ce. A samartakarsa ya juya wa addini baya, sai a 1916 ya shiga cocin Unitariyan, masu cewa Allah ɗaya ne, ba su yarda da aƙidar uku cikin ɗaya ba.

Sai batun gidan sauti. Fiyano na da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Kowane kiɗa yana da sautin da ya ɗauka a matsayin gida, daga nan ake fita, nan ake komawa, kamar yadda kowane maƙami yake da inda yake sauka. Kashi na farko da na uku gidansu Mi ne, abin da masu koyon kiɗa da Larabci ke kira Mi kabir, a faifai za ka ga harafin E. Tsaninsa na ratsa baƙaƙen madannai huɗu, amonsa da haske. Kashi na tsakiya gidansa Do ne, Do kabir, harafin C. Tsanin Do fararen madannai ne zalla, shi ake fara koya wa yaro ran da ya fara zama gaban fiyano, kuma a kunne ya fi kusa da maƙamin Ajam. Kiɗan yakan fita ya zaga nesa, amma can aka kafa shi. Mutumin da duniya ta sani da sautuka masu karo da juna, a shekararsa ta ƙarshe ya koma inda uwarsa ta fara da shi.

Yanayin kuwa yana da asali. A 1825 Beethoven ya yi ciwo mai tsanani ya tashi, sai ya rubuta wani kiɗa mai jinkiri na masu goge huɗu, ya bayyana cewa godiya ce ta mai jinya da ya samu sauƙi. Tsarinsa shi ne, muryoyi su shigo ɗaya bayan ɗaya suna kwaikwayon juna, sannan duka su haɗu su rera layi ɗaya tare kamar jam'i. Wannan tsari ne Bartok ya ara. Bambancin shi ne Beethoven ya warke ya rubuta nasa, Bartok kuwa ciwon na kansa lokacin da yake rubutawa.

Yadda kashin yake tafiya

Kashin kusan minti 10 ne, kuma zango uku ne. A farko masu goge ne ke shigowa a hankali, wannan ya fara, wancan ya bi shi, da ɗan kari mai gangarowa wanda aka gina kan sauti 5, irin na tsofaffin matan Transilbaniya. Sai su yi shiru. Fiyano ya shigo shi kaɗai, yana danna sautuka a dunƙule, ɗaya bayan ɗaya, babu ado, kamar mutum na karanta addu'a yana tsayawa a ƙarshen kowane layi. Ya tsaya, masu goge su amsa. Ya sake, su sake amsawa. Kowane zagaye fiyanon na ƙara nauyi da zurfi kaɗan.

Zango na biyu tafiyar na ƙara sauri kaɗan. Masu goge na karkaɗa tsirkiya can ƙasa-ƙasa kamar kukan gyare, sai algaita ta jefo ɗan kira, sarewa ta amsa, fiyano ya yi tsalle-tsalle a madannansa na sama. Tsuntsayen Asheville ne. Bartok ya daɗe yana rubuta irin wannan, masana na kiran sa kiɗan dare, amma a baya yakan zo da duhu da ɗan tsoro. A nan ya fi kama da wayewar gari. Wanda ya taɓa kwana a gonar dabino ya ji yadda wuri ke ɗauka kafin rana ta fito zai gane shi nan take.

A zango na uku addu'ar farko ta dawo, amma an yi musayar aiki. Masu busa ne yanzu ke riƙe da layin, fiyano na zagaya su da zare biyu, hannun dama da na hagu suna bin juna irin na tsohon salon Bach. A kusa da ƙarshe abin ya taru ya yi ƙarfi, nan ne kaɗai za ka ji ciwon ya leƙo, a bugi babban farantin ƙarfe, sannan komai ya lafa. Daga nan kashi na uku ya ɓarke da rawa.

A wannan kashi na uku ne ƙarfinsa ya ƙare. Peter ya ja masa layukan gaɓoɓin ƙarshe a takarda don ya rage masa wahala. Gaɓa 17 suka rage bai raba wa makaɗa ba, sai dai ya bar su a taƙaice. Amma a ƙasan shafin ya riga ya rubuta kalmar da ke nufin ƙarshe da harshen Hangari.

Bayan rasuwarsa

Mutane kaɗan ne suka raka shi makabartar Ferncliff a wajen New York. Tibor Serly ya cike gaɓoɓin 17 daga abin da mamacin ya bari. Ranar 8 ga Fabrairu 1946 aka fara kaɗa kiɗan a Philadelphia, Eugene Ormandy na jagorantar makaɗa. Wanda ya zauna gaban fiyano tsohon ɗalibinsa ne, Gyorgy Sandor. Ditta ba ta iya ba, rasuwar ta karya ta. A 1946 ɗin ta koma Budapest, ta yi shekaru ba ta hawa dandali. Sai a 1964 ta je Biyana ta kaɗa kyautarta aka ɗauka a faifai, Serly ne ya jagoranci makaɗan. Ta rasu a 1982. A 1988 'ya'yansa biyu suka nemi a maido da gawarsa gida, aka binne shi a makabartar Farkasreti ta Budapest, kusa da Ditta. Dandalin Hitler da na Mussolini tuni an sauya musu suna, shi kuwa akwai babban titi da sunansa a birnin.

Wanda ke son ji, ya nemi sunan Bartok da kalmomin Adagio religioso a wayarsa, ya bari sai dare ya yi, gida ya yi tsit. Ya kasa kunne ga ɗan karin nan mai sauti 5 da masu goge ke buɗewa da shi. Asalin irinsa bakin wasu tsofaffi ne da ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, sai wani ya sha wahalar kai musu garmaho har ƙauye. Mu ma a gidajenmu na Sabha da Murzuƙ da Ubari akwai iyaye da kakanni masu waƙar daka da ta niƙa da ta reno, ga jikokinsu Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Gwangwanin Bartok minti uku yake ɗauka. Wayar da ke hannunka za ta ɗauki hirar dare guda, in dai ka zauna ka lallashi Kaka ta fara.